Golmon Goggo

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, autata ta dawo gida Zuru da jaka ɗaya da littattafan rubutu uku, ta ce ta samu abin da za ta yi da lokacinta. Na yi murna. Na ɗauka ɗinki za ta koya, ko kuwa ta karɓe ni a madafa in huta da hayaƙi. Sai ta ce littafi za ta rubuta, ƙagaggen labari na zamanin yaƙin basasa, a kan wata budurwa da ta ƙi tsayawa inda aka ajiye mata. Budurwar kuwa ba kowa ba ce sai Goggo.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Tana zaune a wani ƙauye bayan Dabai, ita kaɗai da awakinta tun da mijinta ya rasu, ta haura saba'in amma har yau ba ta yarda wani ya ɗauko mata ruwa ba. A duk yankin abu ɗaya aka san ta da shi: ita ce macen da ta yi golmo. A al'adarmu ta da, saurayi ba kuɗi yake kaiwa gidan yarinya ba, gona yake shiga. Shekara bakwai yana yi wa uban yarinya noma tare da sa'o'insa, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Shi ne golmo, kuma aikin maza ne zalla. Abin da na sani tun ina yarinya shi ne, wani ɗan'uwanmu ya tafi soja saura shekara biyu ya gama nasa, sai Goggo ta ɗauki garma ta shiga sahun maza a madadinsa don kada shekarunsa biyar su tafi a banza. Iyakar sanina ke nan. A bariki na girma, sai da mahaifina ya yi ritaya muka dawo gida na yi sakandare, kuma ban taɓa tambayar ko wane ɗan'uwa ba ne. Gidanmu sojoji sun yi yawa, waɗanda ba su dawo ba ma suna da yawa, na ɗauka ɗaya daga cikinsu ne.

Sati uku yarinyar nan tana rubutu. Ta ƙona mini wake sau biyu. In na aike ta niƙa sai in same ta a gindin mangwaro tana tauna biro, dawa na nan a roba kaji sun zagaye ta. Na ce, "Ke, kin je kin tambayi mai labarin kuwa?" Ta ce, "Mama, ƙagagge ne, ba rahoto ba." Na ce, "Ƙagagge a kan mutum mai rai, mai baki kuma irin na Goggo? To Allah ya ba da sa'a."

Da ta gama babi uku sai ta ce mu je a karanta wa Kaka, haka take kiran Goggo. Ni ce mai karatu, ni ce kuma tafinta, don yarinyar a bariki ta tashi kamar ni, yarenmu na C'lela ba ta wuce gaisuwa ba, Goggo kuwa tana jin Hausa sarai amma da ranta ya ɓaci sai ta koma yare. Muka hau kabu-kabu biyu da sabulu da gishiri a leda. Farkon damina ne, an yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya duk taɓo.

Goggo ta shimfiɗa mana buhu a ƙofar ɗaki, ta dubi jikarta daga sama har ƙasa.

"'Yar bariki, an zo ganin ƙauye?"

"An zo ganin tsohuwa, ko ta rage faɗa."

"In rage in ba wa? Ke ko muryar faɗa ba ki da ita."

Na fara karantawa. Gaskiya yarinyar ta iya jera magana, har na ji wani daɗi a raina da ban nuna ba. A labarin, budurwar ta tsaya a gaban dattawan gari ta ɗaga garma sama, ta yi musu jawabi shafi biyu a kan cewa mace ba ta gaza namiji ba. Dattawa suka sunkuyar da kai. Daga nan ta wuce gona, ta yi huɗa tun safe har yamma, dawa ta nuna jawur a gefenta tana kaɗawa.

"Tsaya," in ji Goggo. "Mi kika ce? Tana huɗa dawa ta nuna?"

Na sake karanta wurin.

"A wace ƙasa? Huɗa da farkon ruwa, dawa da kaka. Ko gonar jami'a haka take?" Sai ta juya yare, ta faɗi abin da ba zan rubuta ba. Na ce wa yarinyar, "Ta ce a gyara lokacin."

"Jawabin kuma," Goggo ta ci gaba, "wa ya yi shi? Ni? Gaban dattawa? Da na buɗe baki haka da ubana ya ɗaure ni a turken akuya. Ban ce wa kowa komai ba. Na tashi da safe na ɗauki garma na bi su."

Yarinyar ta ce, "Kaka, ai dole a ƙara gishiri, in ba haka ba wa zai karanta?"

"Ɗaga garma sama kuma! Kin taɓa ɗaga garma? Kin san nauyinta?"

Nan fa suka kaure, ni a tsakiya ina rage wa kowace magana kaifi kafin in miƙa ta. A ƙarshe Goggo ta yanke hukunci. Ba za a rubuta ta a littafin wanda bai taɓa yin kunya ɗaya a gona ba. In yarinyar na son labari, ta zo safiya uku ta yi huɗa a gonar bayan gida, kowace safiya a ba ta kashi ɗaya. In ba haka ba ta cire ta, ta rubuta labarin bariki. Ni na tabbata yarinyar za ta ƙi. Sai na ji ta ce, "Gobe da ƙarfe nawa?"

Wa aka ɗora wa wahalar? Ni. Ni ce mai tashi in dama kunu in zuba a fulas, ni ce mai neman ɗan kabu-kabu da sassafe, ni ce na rasa koyon waƙar zumuntar matan majami'armu har shugabarmu ta aiko a tambaya ko lafiya. Maigidana, tsohon soja da bai yi golmon kowa ba don lokacinmu an fara karɓar kuɗi da buhunan dawa, yana kwance a kujera da rediyo yana dariya. Ya ce, "Ku gaishe da kwamanda."

Safiyar farko yarinyar ta zo da takalmin kambas fari da hular rana. Goggo ta miƙa mata garma, tsohuwa, ƙotarta ta yi santsi saboda hannu. Yarinyar ta kafa ta a ƙasa ta ja, ƙasa ta ƙi tashi. Ta sake, ƙasar ta tashi ta zubo mata a takalmi. Matan da ke wucewa rafi suka tsaya da robobinsu a ka.

"Sannu da aiki, 'yar boko! Golmon wa ake yi?"

"Wane mai sa'a ne za a aurar mana?"

Na ji kamar in nutse. Ita kuwa ta ɗago ta ce musu, "Ku kawo ɗanku in gani ko ya kai." Suka tafi suna shewa. Kafin rana ta yi zafi ta yi kunyoyi biyu, in za a kira su kunyoyi, sun karkace kamar hanyar maciji. Goggo ta bi su da sanda tana tsaki, sannan ta zauna a kan dutse ta biya kashin farko. Ta ce ranar da ta bi samarin ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya yi mata magana. Sai suka bar mata bakin gona wajen tudu, inda duwatsu suke, inda garma ke tsalle ta bugi ƙauri. Da aka kawo abinci suka juya mata baya, ta ci nata a tsaye. Uban yarinyar da ake yi wa golmon ya zo ya ce kunyar mace ba ta shiga lissafi. Ta dawo washegari. Ya sake faɗa. Ta sake dawowa. Sai da aka yi wata guda ya daina faɗa, bai kuma taɓa cewa ya yarda ba.

Safiya ta biyu tafin hannun yarinyar duk ya yi bororo. Na ce a bari haka, ai an ga ƙoƙari. Ba wadda ta saurare ni cikinsu. Na yage gefen tsohon ɗankwali na naɗe mata hannu ina faɗa, faɗan da ban san ko da wa nake yi ba. Ran nan Goggo ta ba da labarin nata saurayin. Ashe ita ma akwai wanda ya fara golmo a gonar kakana saboda ita, ya yi shekara ɗaya. Da sa'o'insa suka dame shi da tsiya, wai zai auri abokin aikinsa, wai a gidansa ba a san mai daka da mai huɗa ba, sai ya janye. Bayansa ba wanda ya sake zuwa sai da ta kusa talatin, wani da matarsa ta rasu ya aure ta.

"Kin yi kuka, Kaka?"

"Da wane lokacin? Ana ciyawa."

Yarinyar ta rubuta wannan da hannun da ke naɗe, biro na zamewa. Ni kuwa na juya ina gyara murfin fulas da ba abin da ya same shi.

Safiya ta uku kunyoyin sun ɗan miƙe. Goggo ta duba ta ce, "Akuya ba za ta yi dariya ba," wanda a bakinta yabo ne babba. Muka zauna, na zuba kunu. Yarinyar ta buɗe littafi ta ce, "Saura ƙarshe. Shi sojan ya dawo? An yi auren?"

Goggo ba ta dube ta ba. Ni ta duba. Ta yi magana da yare, a hankali, ba faɗa. Ta ce ya dawo bayan yaƙi da wata shida, lafiya lau, da akwatin ƙarfe da rediyo. A bayansa akwai wata mace doguwa 'yar can ƙetaren Binuwai, da jaririya a goye. Ta ce, "Jaririyar ke ce. Golmon babanki na yi."

Kofin kunu yana hannuna, na ji zafinsa amma ban iya ajiye shi ba. Mahaifina. Dattijon majami'a, mai tashe mu addu'ar safe da ƙarfe biyar, wanda ya taɓa mayar da ni kasuwa da ƙafa saboda an yi mini ƙarin canji. Hotonsa da kaki yana rataye a falona.

"Mama, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ya dawo lafiya."

"Maganar ta fi haka tsawo."

"Yare ne, haka yake da tsawo. Tashi mu tafi, rana ta yi."

Goggo ta ji ni sarai. Ta ci gaba da shan kununta.

Kwana huɗu ina fushi da kowa. Ina fushi da mahaifina da ya mutu ya bar ni da wannan. Ina fushi da Goggo da ta rasa ranar faɗa sai a gaban jikarsa. Ina fushi da yarinyar da ta ƙi koyon ɗinki kamar 'ya'yan mutane. Har malaman jami'a na yi fushi da su, da sun zauna a aji da duk wannan bai taso ba. In na durƙusa addu'a sai in tarar ina kawo ƙara ne, ba addu'a ba. Abin da ya fi damuna shi ne littafin. Ko ba suna, duk mai karatu a Zuru ya san mace ɗaya ce ta yi golmo, ya kuma san yayanta. Jikokinsa za su karanta. 'Yan majami'armu za su karanta.

Na sami yarinyar na ce, "Tun da ƙagagge ne, ki rufe da biki. Ya dawo, aka yi aure, kowa ya ji daɗi."

Ta ajiye biro. "Mama, ke kika ce in je in tambayi mai labari. Na je, hannuna ga shi. Yanzu kuma in ƙaga?"

"Da kika ƙaga jawabi shafi biyu wa ya hana ki?"

"Kaka ta hana ni. Me ta faɗa ran nan?"

Na ce tuwo na kan wuta, na fita. Ba tuwo a kan wuta.

Ran Juma'a na koma ƙauyen ni kaɗai. Na sami Goggo tana gyaran kunyoyin jikarta, tana bi tana miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Ban ko gaishe ta da kyau ba na ce, "Goggo, shekara hamsin da wani abu, sai yanzu?"

"Wa ya tambaye ni? Ke kin taɓa tambaya? Kullum sabulu da gishiri, sabulu da gishiri."

Na ce, "Ita yarinyar da aka yi wa golmon fa?"

"Ta auri wani a Dirin Daji, ta haifi tara. Ta fi ni morewa. Ubanta kuma ya ci noman shekara bakwai a banza, har ya mutu bai daina murmushi ba."

"Baba ya ba ki haƙuri?"

Ta dogara da garma. "Ya kawo mini zane biyu."

"Zane biyu."

"Shekara biyu, zane biyu. Soja ne, ya iya lissafi."

Na ce wallahi da yana raye da na... sai na kasa ƙarasawa, don ban san abin da zan yi ba, kuma hawaye sun riga sun zo. Goggo ta ce in daina jiƙa mata gona, ruwan sama ya isa. Sannan ta ce mahaifina bai san ta shiga golmon ba. Ba mai rubuta wasiƙa a gidan, shi kuma ya ɗauka tun da ya tafi magana ta mutu. Sai da ya sauka a mota ya ji. Ta ce ya yi kwana uku bai fito daga ɗaki ba, bai kuma iya haɗa ido da ita ba har ya koma bariki. Mahaifiyata ce, baƙuwar da ba ta jin yare ko kaɗan, ta zo ta kama hannayen Goggo ta juya su ta ga yadda suka yi kanta, ta fashe da kuka. Daga ranar har ta bar ƙauyen ba ta bar Goggo ta taɓa taɓarya ba.

"Uwarki mutum ce. Wannan ma a rubuta."

"Goggo, kina so a rubuta ke nan? Duka?"

"Ɗiyata, ni ban haihu ba. In na mutu abin da zai rage shi ne wata mahaukaciya ta yi golmo. Gara a san na wa, a san kuma yadda ya ƙare. Ban ce a zage shi ba. Yayana ne, da ban so shi ba da ban ɗauki garma ba." Ta koma huɗarta, ta ƙara da cewa, "Kuma ki daina rage mini magana in kina juyawa. Ina jin ki."

A kan kabu-kabu na yi addu'ar da ta fi ta kwana huɗun nan gaskiya. Ban ce komai ba sai, Ubangiji, ka ga dai halin da suka sa ni.

Da na iso na tarar da yarinyar tana tsintar shinkafa, abin da ban roƙe ta ba, alamar tana jira ne. Na zauna kusa da ita na faɗa mata duka, da akwatin ƙarfe, da jaririyar, da zane biyu, da hannayen da mahaifiyata ta juya. Ba ta ɗauko littafi ba. Da na gama ta ce, "In kin ce kada in rubuta, Mama, ba zan rubuta ba." Na so ƙwarai ta yi mini gardama don in sami abin yin faɗa. Na ce, "Rubuta. Amma kada ki mai da shi mugu, ba mugu ba ne. Kuma ba wanda zai gani sai na faɗa wa kawunanki da bakina, kada su tsinta a takarda."

Na ɗauki waya na kira ƙanena da ke bi na, wanda ke aiki a Kaduna. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi matarsa da yara da ciwon ƙafarsa, sannan na ce ya nemi wuri ya zauna, akwai maganar Baba da Goggo da zan faɗa masa, mai nauyi ce.

Ya ce, "Maganar golmo?"

Na ce, "A ina ka ji?"

"Yaya, ai kowa ya sani. Baba da kansa ya tara mu ya faɗa mana shekarar da ya fara ciwo. Shi ya sa muke yi wa Goggo rufin ɗaki da takin gona duk shekara, ya bar mana wasiyya."

"Ya tara ku? Ni ina ina?"

"Kina madafa. Ya ce kada a faɗa miki, kina da saurin kuka, kuma za ki ɗauka laifinki ne tun da ke ce a goye."

Na ce, "Ni ce babba a gidan nan!"

Ya ce, "To ga shi kuwa kina kukan."

Na kashe wayar. Yarinyar na kallona, ta cije leɓe tana ƙoƙarin riƙe dariya, hawaye kuma na zubo mata. Na ce ta ɗauke mini shinkafar nan daga gabana ta je ta ɗora, kuma in ta ƙona ta, babi na huɗu a gidan Goggo za ta rubuta shi.